Tunda Tahira Tana Gida

A zauren gidan Malam Iliyasu aka yanke maganar, wadda aka yanke a kanta kuwa ba ta nan. Tana can ƙaramin asibitin ƙauyen tana awon masu ciki.

'Ya'yan tsohon maza su biyu ne suka zauna. Alhaji Hashimu shi ne babba, mai sayar da hatsi a Dawanau, ya gina gida a Bacirawa ya koma can da iyalinsa. Muntaka shi ne ƙarami, malamin Islamiyya, shi ya tsaya a gidan gado da matarsa Tahira. Dawowarsu ke nan daga Kano, inda suka kai tsohon ganin likita, don hannunsa na dama ya fara saki, bakinsa ya ɗan karkace.

"Ka dai ji abin da likitan ya ce," in ji Alhaji, yana kaɗa makullin mota. "Wannan somin taɓi ne. Na biyun yana tafe, in ya zo kuwa kwanciya ce. Sai an samu mai juya shi, mai wanke shi, mai ba shi a baki."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Ni dai ka san kasuwa ba ta jira. Inna ido ya tafi. Ƙanwarmu Aina'u tana gidan mijinta. Mu ɗauko bare daga birni ta zo ta ga asirin gidanmu, alhali ga likita a gida?"

"Tahira tana aiki, Yaya."

"Aiki ai ana barinsa."

"Ba za ta bari ba. Aikin gwamnati ne, ga fansho a gaba."

"To kada ka ce ta bari. Ka ce ta canza. Ba kai ka gaya mini wata Hajiya tana binta da aikin ƙungiya ba? Wannan da ake fita 'yan kwanaki a wata, sauran a zauna a gida?"

Muntaka ya yi shiru yana jan carbi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Irin wannan shirun shi ne e ɗin matsoraci.

Hajiyar da ake maganarta Fadima ce, mai haɗa tawagar ma'aikatan lafiya ga wata ƙungiya. Aikinsu na kwantiragi ne: rabon maganin zazzaɓi gida-gida da damina, rabon gidan sauro, awon yara masu tamowa. In aiki ya taso a kira ka a waya, a yi shi, a biya, kowa ya kama gabansa. Ta daɗe tana son Tahira ta riƙe mata tawaga guda, sai dai ƙungiyar ba ta ba mai cin albashin gwamnati wannan matsayi.

Washegari da yamma Tahira tana shanya farin kayan aikinta a igiya, Muntaka ya jawo kujera ya zauna kusa.

"Maman Raudatu, ni fa tausayinki nake ji. Kullum sammako, kullum yamma, albashin kuma sai ya ga dama ya zo."

"Yana dai zuwa, Malam."

"Abin da Hajiya Fadima take biya a fita ɗaya, ba ke kika ce ya fi albashin wata ba? Kuma ke ce uwar ɗakin kanki. Ranar da kika so ki fita, ranar da ba ki so ki kwanta abinki. Ba mai rubuta miki jan biro don kin makara."

"In kuma aka daina kira fa?"

"Wa zai daina kiran irinki? Arziki na Allah ne, ba na ƙaramar hukuma ba ne."

Bai yi maganar Baba ba ko da kalma ɗaya. Ya yi ta maimaita wannan karatu, yau da zaƙi, gobe da ɓacin rai, har ya fara cewa mace mai tawakkali ba ta dogara da fansho. Alhaji ma ya bugo waya ya ce ai matan birni duk haka suke yi yanzu, zaman ofis ya zama na marasa wayo. Kafin damina ta faɗi Tahira ta rubuta takardar ajiye aiki. Shugaban asibitin ya karanta, ya cire tabarau ya dube ta.

"Malama Tahira, ƙofar nan fita ce kawai take da ita. Kin sani?"

Ta ce ta sani.

Gaskiya ita ce farkon abin ya yi daɗi. Ta yi fita biyu. Ta ja tawagar 'yan mata suna ratsa gonakin gero daga wannan unguwa zuwa waccan, suna ɗura wa yara magani, suna zana alli a ƙofofi. Aka biya ta a kan lokaci. Ta saya wa Raudatu sabon allo da jakar boko, ta saya wa Inna tabarau. Hajiya Fadima ta ce mata, "Da irinki goma gare ni, da na yi barci."

Ana cikin yankan gero Baba ya faɗi a bakin rumbu. Wannan karon bai tashi ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye gaba ɗaya, harshe ya yi nauyi, sai ido da ke yawo. Aka kwana da shi a asibitin birni aka dawo da shi, aka shimfiɗa masa katifa da leda a ɗakinsa na tsakar gida.

Ya kamata mai karatu ya san yadda Tahira take da wannan tsoho. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunansa ba. Akwai wani yaron maƙwabta mai suna irin nasa, Mai-sunan-Baba take kiransa. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi. Ba ta taɓa cin abinci yana kallo ba, shi ma in ya ji motsinta a tsakar gida sai ya yi gyaran murya ya kauce. In zai yabe ta, ga wasu yake yabonta. "Likitar gidana," haka yake cewa a majalisa. Wannan ita ce kunyar surukuta, kuma su biyun duka sun riƙe ta da kyau.

Washegarin dawowa da shi, da safe ɗakin ya ɗauki wari. Inna Hure ta lalubo bango ta fito tana kiran Muntaka. Ya shiga, ya ɗaga mayafin, ya fito da sauri ya tsuguna a bakin magudana yana kakarin amai.

"Wallahi ba zan iya ba. Zuciyata ba ta ɗauka. Maman Raudatu, ke kin saba."

"Malam, Baba ne fa."

"To ai shi ya sa. A aikinku akwai kunya ne? Likita ba ya ganin tsiraici, ciwo yake gani."

"Ka shiga, ni in tsaya a waje ina gaya maka yadda za ka yi."

"Yara suna jirana a makaranta. Yau kawai. Zan yi magana da Yaya a samo wani."

Ya sa hula ya fita. Tahira ta tsaya a tsakar gida tana duban ƙofar ɗakin. Inna ta ce a hankali, "'Yar nan, yana kwance a cikinsa tun asuba." Tahira ta ɗora ruwa a wuta, ta sa safar hannu, ta yi sallama ta shiga ɗakin da ba ta taɓa taka tsakiyarsa ba.

Da tsohon ya gane wadda ta shigo sai ya fara wani irin gurnani. Ya miƙa hannun hagu ya damƙe mayafin ya riƙe gam. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya juya fuska bango, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. Ta gama, ta canza shimfiɗa, ta fito da ƙazantar ta wanke. Ba ta ci komai ba ranar nan.

Ba a samo wani ba. Ba a ma nema ba.

Alhaji yakan zo ranar Juma'a da katon na lemo da ƙunshin kunzugun manya. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, ya jiki? Alhamdu lillahi, na ga ka yi fes." Ya juyo ga Tahira ya ce, "Likita bokan Turai! Allah ya yi miki albarka." Kafin shayin da aka dafa masa ya huce ya shiga mota. Aina'u, ƙanwarsu da ke aure a Gezawa, takan zo ta zauna a gefen katifa ta yi kuka mai sauti, ta ce kunun ya yi ruwa, ta ce ɗakin yana buƙatar turare, ta tafi kafin la'asar don mijinta ba ya son ta yi yamma.

Da Hajiya Fadima ta kira don rabon gidan sauro, Tahira ta sami Muntaka a zaure.

"Malam, aiki ya taso."

"To, Baba fa?"

"Kai da Yaya Alhaji ku duba."

"Ai wannan shi ne amfanin irin aikinki. Ba dole a cikinsa. Ki ce wannan karon ki wuce, na gaba kya fita."

Ta kira Hajiya ta ba da uzuri. Hajiya ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta sa wata.

Kwanaki suka zama iri ɗaya. Wanka, juyi, kunu a cokali, rabinsa ya dawo ta gefen baki. Wankin zannuwa, shanya, kwashewa. Tsohon mutum ne dogo mai ƙashi, ita kaɗai take cicciɓarsa, har bayanta ya riƙe, ta koma tashi da dafa gwiwa. Sabulu ya cinye fatar hannunta ta tsattsage. Ga girkin gida, ga Inna da za a kai bayi. Matan unguwa kuma ba su daina sallama ba: wannan ɗanta yana zafin jiki, waccan a duba mata allura. "Tunda kina gida," suke cewa. Ba ta ƙi kowa, ba ta kuma yi wa kowa murmushi. Ta daina sauraron rediyo. In Raudatu ta nuna mata karatun boko sai ta duba takardar ba ta ga komai.

Muntaka kuwa a wannan lokacin ne ya fara karantar da babin biyayyar iyaye a masallaci bayan magariba. Muryarsa tana fita ta lasifika tana shigowa har ɗakin da matarsa take goge wa ubansa jiki. Mutane suna cewa Malam Muntaka ya san abin da yake faɗa, ga shi yana jinyar mahaifinsa a gida.

Kira na biyu ya zo da rani, awon yara masu tamowa. Hajiya Fadima ba ta ɓoye mata ba.

"Tahira, masu neman gurbin nan sun fi ƙudan kasuwa. Na riƙe miki sau ɗaya. In za ki zo ki zo."

Wannan karon Tahira ta tsaya da ƙafarta. Ta kai Muntaka ɗakin, ta nuna masa yadda ake sa hannu a ƙarƙashin kafaɗa, yadda ake tokare baya da matashi, ta ce in ya yi sallar walha ya juya shi, in ya yi azahar ya juya shi, in ya jiƙe kada a bar shi a ciki. Ya ce, "Haba, wannan ai ba wani abu ba ne." Ta sa hijabin aiki ta fita da sassafe. Iskar hanya ta buge ta, ta ji kamar ba ta san ƙauyen ba.

Ta dawo gab da magariba. Tun daga zaure ta ji warin. Baba yana kwance yadda ta bar shi, a gefen dama, kofin kunun safe yana ajiye ƙuda sun rufe shi. Inna tana zaune a ƙasa tana masa fifita tana kuka marar sauti. Da Tahira ta juya shi sai ta ga fatar kwankwasonsa ta saɓule, ja wur, faɗin tafin hannu.

Muntaka ya shigo da babbar riga yana ƙanshin turare. An kira shi ɗaurin aure a wani ƙauye, daga nan aka riƙe shi walima.

"Na ce da Inna ta aika a kira ni in da wani abu," in ji shi.

"Wa za ta aika? Ta ga hanya ne?"

"To ke da kika san halin da yake ciki, me ya fitar da ke? Kuɗi ya fi ran mutum?"

Kafin isha labari ya kai Bacirawa. Alhaji ya bugo, ya ce a ba shi Tahira. "Ni ban taɓa zaton haka daga gare ki ba. Tsoho yana kwance, ki sa ƙafa ki tafi yawon ƙauyuka? In wani abu ya same shi me za ki gaya wa Allah?"

Ta miƙa wa Muntaka wayar ta koma ta wanke gyambon.

Da gari ya waye ba ta fita ba. Tawagarta ta yi ta jira a bakin titi har rana ta ɗaga. Hajiya Fadima ta kira, muryarta a bushe.

"Kin bar mini yara a hanya, turawan ofis suna tambayata. Tahira, ki gane, wannan ba asibitin gwamnati ba ne. Da can kike, da kin rubuta takarda an ba ki hutu, kujerarki tana nan, albashinki yana shiga. Nan ba hutu, ba uzuri. Wanda ya zo shi ne ma'aikaci."

"Na gane, Hajiya."

"Ban ce kin yi laifi ba. Amma ni ma a ƙarƙashin wasu nake."

Daga nan wayar ta yi shiru. Tahira takan caja ta a shagon bakin masallaci, ta ɗaure a gefen zani, ta ciro ta duba. Damina ta sake faɗuwa. Wata safiya tana shanya zannuwan Baba a bayan gida ta hango tawagar masu rabon magani suna ratsa gonar gyaɗa, wata yarinya da ita ta koya wa aikin ce a gaba da jakar shugaba. Suka zo har ƙofar gidan suka zana alli. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Anti, kin rame." Tahira ta ce zafi ne.

A bakin Aina'u ta ji gaskiya, kuma ba da niyyar tona asiri aka faɗa ba. Aina'u ta zo dubiya, tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa tana yabon wanta.

"Kai, Yaya Alhaji akwai hangen nesa. Tun ranar da likitan birni ya ce Baba zai kwanta ya ce da Yaya Muntaka lallai ki bar asibitin nan. Da kina can yanzu da wa zai yi wannan wahala? Allah dai ya tsare mu."

Tahira tana riƙe da bokiti. Ta ajiye shi a hankali.

"Tun yaushe likitan ya faɗa?"

"Tun zuwan farko mana. Au, ba ki sani ba?" Aina'u ta watsa gyaɗa a baki. "To ai duk ɗaya ne. Lada kike sha."

Da Muntaka ya dawo cin abincin rana, Tahira ta ajiye masa kwano ta zauna a gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

"Baban Raudatu, ranar da ka ce kana tausayina, ka san Baba zai kwanta?"

Ya tsayar da loma. "Wa ya san gaibu in ba Allah ba?"

"Likita ya gaya muku?"

"Likita ya yi hasashe."

"Me ya sa ba ka ce mini in zo in yi jinya ba? Da na nemi hutu. Da na nemo wanda zai kama mini, namiji, in riƙa dubawa safe da yamma."

"Da na faɗa miki, za ki yarda ki ajiye aikin?"

"A'a."

"To kin gani." Ya ci gaba da cin abincinsa. "Ni ban cuce ki ba. Aikin da na ce ki koma yana nan, ke ce ba ki samu sarari ba. Kuma abin da kike tarawa a wurin Allah ya fi fansho. Wata rana za ki gode mini."

Ta jira ta ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinta, fushi ko kuka. Ba abin da ya motsa. Ta ɗauke kwanon da ya gama ta kai wurin wanke-wanke, don lokacin juya Baba ya yi.

Sau ɗaya ta saci jiki ta je asibitin neman a mayar da ita aiki. Shugaban ya ba ta kujera ya sa aka kawo mata ruwa. A teburin awon masu ciki wata ce zaune, 'yar wani kansila. Ya ce an rufe ɗaukar ma'aikata, wanda ya fita da ƙafarsa kuma sai dai ya bi layi da sababbin 'yan makaranta. "In kina so ki riƙa zuwa sa-kai, ƙofa a buɗe take." Ta yi godiya ta dawo da sauri, don ba kowa a wurin tsohon.

Baba ya kai wata kakar. Gyambon ya rufe a hannunta, wani bai sake buɗewa ba. Amma har ya bar duniya bai daina juya fuska bango ba in ta shigo, bai kuma daina riƙe mayafin ba, sai dai ƙarfin riƙon ne ya yi ta raguwa. Ana saura kaɗan ya cika, tana ba shi ruwa da hantsi, ya kama gefen hijabinta da hannun hagu. Bakinsa ya yi ta motsi. Da ƙyar kalmar ta fito.

"Ya...fe."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba."

Ya girgiza kai, ya nuna ƙofa da ido, wajen zaure, inda muryar Muntaka take tashi yana hira. Ba ta gane ko yafiya yake nema wa 'ya'yansa ba, ko kuwa kai ƙararsu yake. Ba ta tambaya ba.

An yi jana'iza mai jama'a. Motocin Dawanau suka cika bakin hanya. Alhaji ya sa aka kafa rumfa, aka dafa shinkafa buhu guda. Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannun 'yan'uwan biyu ya ce, "Kun yi jinya, kun yi ƙoƙari. Yadda kuka yi wa mahaifinku Allah ya sa 'ya'yanku su yi muku." Su kuma suna cewa amin, ba tare da sun ji tsoron addu'ar ba. Liman ya ce a jikin mamacin ba a ga ko ƙwarzane ba, wannan shaida ce ta 'ya'ya nagari.

Hajiya Fadima ta zo gaisuwa cikin gida. Da za ta tafi Tahira ta raka ta har soro.

"Hajiya, yanzu na samu sarari."

Hajiya ta gyara mayafi, ba ta dube ta ba. "Tawagogi sun cika, Tahira. Yanzu ma komai a waya ake shigarwa, an yi wa yaran horo, ke ba kya nan. In an samu gurbi zan neme ki."

"To, Hajiya. Na gode."

Duk su biyun sun san ba za a samu ba.

Bayan sadakar bakwai Tahira ta fitar da katifar ta shanya a rana, ta wanke ɗakin, ta buɗe taga. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da hannuwa a cinya, ba ta san abin da ake yi da safiya marar aiki ba. Tana nan zaune ta ji tsayuwar mota, ta ji muryar Alhaji yana cewa, "A hankali, ku kama ta nan."

Shi da Muntaka suka shigo da wani tsoho a tallabe, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma, ƙuda suna binta. Kawu Sabiru ne, ƙanin Inna Hure, wanda ciwon suga ya ci wa ƙafa. A gidan Alhaji aka sauke shi da ya zo ganin likita, matan Alhaji suka ce ba za su iya da warin ba.

"Likita bokan Turai!" in ji Alhaji, yana haki yana dariya. "Ga sabon kwantiragi na kawo miki. Na ce da su me za a kai shi asibiti a yi ta zarya, ga ɗaki ba kowa, ga Tahira tana gida ba abin da take yi."

Ta dubi Muntaka. Ya dubi ƙasa ya ce, "Na ɗan lokaci ne."

Kawu Sabiru ya ja babbar rigarsa yana ƙoƙarin rufe ƙafar. Tahira ta tashi da dafa gwiwa. Ta je ta kwaso katifar daga rana, tun ba ta gama bushewa ba.

Wannan gida ba a taɓa dukan Tahira a cikinsa ba. Ba a zage ta ba, ba a hana ta abinci ba. In ka je ka tambaya za a ce maka da hannunta ta rubuta takardar, kuma gaskiya ne. Za a ce aikin ƙungiya ne ya yi mata halinsa, shi ma gaskiya ne, don aikin da ba shi da hutu ba ya jiran mai jinya. Abin da ba za a faɗa maka ba shi ne, maza biyu masu lafiya sun san haka sarai, kuma don haka suka zaɓa mata shi. Uban nasu ne. Wankansa a wuyansu yake, da hannunsu ko da aljihunsu. Suka ɗauki aikin mace da tsufanta da kunyarta suka biya bashin da ke kansu, suka haɗa da kunyar tsohon da ya haife su, sannan suka zauna a rumfa suna karɓar addu'a.

Masu cewa lada take sha, su sani lada ba a ɗora wa mutum ita da yaudara. Wanda ya san daɗinta ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin.